Kukan bara a layukan Lankasha

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da wuya ka sami mutanen da karin maganar nan ya hau kansu daram kamar tsofaffin ma'aikatan masaƙu na yankin Lankasha a arewacin Ingila. Dattijo ko dattijuwar da ta haura tamanin a Oldham ko Burnley ko Salford, duk inda hira ta faro, sai ta gangaro kan layin da aka haife su. Kuma kusan bakinsu ɗaya: ba mu da ko sisi amma ba mu san muna cikin talauci ba, ƙofar gida ba ta kwana a kulle, yaron layi ɗan kowa ne, in mutum ya kwanta ciwo kafin rana ta take maƙwabciya ta aiko da kwanon miya. Daga nan sai murya ta canja, a ce hukuma ta zo da katafila ta share layin, ta watsa su gabas da yamma, tun daga ranar wurin kwana kawai suke da shi, unguwa kam ta tafi.

'Yan bokon ƙasar sun rabu biyu a kan wannan kuka. Wasu na murmushi su ce tsufa ne kawai, mutum ƙuruciyarsa yake nema, ko a ina ya yi ta sai ya yabe ta. Wasu kuma, musamman 'yan siyasa masu farautar ƙuri'a, sun ɗauki kukan sun mai da shi tuta: wai a da Ingila Ingila ce, kowa ya san kowa, sai baƙi suka zo suka ɓata ta. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Tsofaffin nan shaidu ne na gani da ido, kuma abin da suka ce an ƙwace musu, lallai an ƙwace. Inda nake rabuwa da wasunsu shi ne wajen faɗin mene ne abin, da kuma wa ya ɗauke shi.

Sai an fara sanin gidajen kansu. Gidajen jere ne na jan bulo, manne da juna, bango ɗaya tsakanin gida da gida, layi bayan layi, ga masaƙa can a ƙarshen titi da dogon bututun hayaƙinta. Mafi yawansu ɗaki biyu ne a ƙasa, biyu a sama. Ƙofar gaba kai tsaye take buɗewa a kan titi, ba zaure ba farfajiya. A baya akwai ɗan tsakar gida da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ko uku ba, da masai, da ma'ajiyar kwal, sai siririn lungu inda masu kwasar bayan gida ke bi da dare. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma wannan bambanci ne masu rusau suka ƙi gani daga baya. Akwai na farkon zamanin masana'antu, waɗanda aka gina baya da baya: gida ya jingina da na hagu, da na dama, da na bayansa, iska ta fuska ɗaya kaɗai take shiga, gidaje da yawa kuma suna tarayya a masai guda da famfo guda. Waɗannan matattarar cuta ce. Mancesta ta hana gina sababbinsu tun 1844, dokar ƙasa ta haramta su a 1909, ko da yake birnin Leeds ya sami kafar zillewa ya ci gaba da gina su har 1937. Akwai kuma waɗanda aka yi bayan dokar kiwon lafiyar jama'a ta 1875, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon ƙayyade faɗin titi da tsakar gida da magudanar ruwa. Su ma ƙanana ne, amma gini ne mai ƙwari, da yawansu na nan tsaye har gobe da mutane a ciki.

An raba aikin auduga tsakanin garuruwa. Oldham da Bolton kaɗi suka fi yi, Burnley da Blackburn da Nelson kuma saƙa. A farkon ƙarni na 20 Oldham kaɗai na da masana'antun auduga sama da 300, babu garin da ya kamo ƙafarsa wajen kaɗin zare a duniya. Rayuwar layi duka a kan agogon masaƙa take tafiya. Tun kafin gari ya waye akwai mai tashin mutane, sana'arsa ke nan, yana bi da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa tagogin sama, ana biyansa 'yan kwabbai a mako, domin agogo mai ƙararrawa ya fi ƙarfin lebura, makara kuma na jawo yankan albashi. Can sai titi ya cika da ƙarar takalman katako a kan duwatsu, mata lulluɓe da mayafan ulu, kowa na sauri kada jiniya ta same shi a waje. A ɗakin saƙa ƙarar injuna ba ta bari a ji magana, don haka mata masu saƙa suka ƙware wajen karanta leɓe, suna hira daga wannan bango zuwa wancan ba sauti. Da yawansu da kurumta suka tsufa. Yaro ɗan shekara 12 rabin yini yake yi a makaranta, rabi a masaƙa, har sai da dokar ilimi ta 1918 ta kashe tsarin. Litinin ranar wanki ce, a ɗaura igiyar shanya daga wannan gefen lungu zuwa wancan. Ita ce kuma ranar kai jingina: kwat ɗin maigida ta fita ranar Lahadi sai ta tafi kantin mai karɓar jingina, ƙarshen mako in albashi ya shigo a fanso ta. Uwargida kuwa, ko me ake ciki a ɗakinta, sai ta durƙusa ta goge dokin ƙofarta da wani dutsen gogewa da mai sayen tsummokara ke bayarwa, domin da dokin ƙofa maƙwabta ke auna mutuncin gida. Sau ɗaya a shekara masaƙun gari su rufe gaba ɗaya na mako guda, kowane gari da makonsa, jama'a su kwashi adashin da suka shekara suna zubi, su cika jiragen ƙasa zuwa bakin teku a Blackpool.

Wanda ya taso cikin wannan ba ƙarya yake yi ba in ya ce akwai zumunci. Sai dai ba halin kirki ne ya sauko wa mutanen Lankasha daga sama ba. Masaƙa ce ta tara su. Mutanen layi guda aiki ɗaya suke yi, tare suke fita tare suke dawowa, kowa ya san albashin kowa, in kasuwar yadi ta faɗi aka rage kwanakin aiki tare ake ɗaure ciki. Gidajen yawanci na haya ne, amma haya ce mai daɗewa. In wani gida ya zama ba kowa a layi, uwa ce za ta tare mai karɓar kuɗin haya ta nema wa 'yarta da ta yi aure, shi ya sa za ka tarar da kaka da inna da goggo 'yan ƙofofi ne tsakaninsu. Hakan kuwa dole ce ta sa. A garuruwan saƙa matan aure da yawa fita aiki suke yi, sai a bar jariri wurin kaka ko wata tsohuwa a layi, a sallame ta ƙarshen mako. Kafin a kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, ganin likita ga mace da yara sai da kuɗi, saboda haka kowane layi na da matar da ake buga wa ƙofa tsakar dare. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke gyara gawa. Ƙofar da ba a kullewa ma, ban da cewa babu abin sata a ciki, akwai idon tsofaffi a bayan kowace taga.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsu, wanda masu kukan bara ba su cika ambata ba, shi ne abin da suka gina da kwabbansu. Babban abin kunya a layi shi ne hukuma ta binne naka a kabarin marasa galihu, don haka kusan kowane gida na zuba kwabo-kwabo duk mako a ƙungiyar jana'iza. A Rochdale, cikin Disamba 1844, mutum 28, da yawansu masu saƙa, suka haɗa jari suka buɗe ɗan kanti a wani layi mai suna Toad Lane. Kayan farko ba su taka kara sun karya ba, fulawa ce da man shanu da sukari da garin hatsi da kyandir. Amma ƙa'idarsu ita ce kaya ba algus, awo ba tauye, ciniki kuɗi hannu, riba kuma a raba wa mambobi gwargwadon sayayyarsu. Daga wannan kanti tsarin ƙungiyoyin gama kai na zamani ya bazu duniya. Ga kuma ƙungiyoyin ƙwadago, inda a ta masu saƙa mata ne suka fi yawa, tun zamanin da mace ba ta da ƙuri'a a ƙasar. Talakan da ya iya wannan ba ya bukatar a yi masa ado da cewa talaucinsa daɗi ne.

Domin ba daɗi ba ne. Wajen 1900, cikin jarirai 1,000 da aka haifa a Ingila kusan 150 ba sa cika shekara, a garuruwa irin su Burnley da Preston kuwa abin ya fi haka muni. Labarin layi daga bakin waɗanda suka rayu muke jinsa. Ƙurar auduga a ɗakin shiɓa na toshe huhu, mutum ya kai hamsin ba ya iya hawa benen gidansa sai ya tsaya ya huta. Man da ake zuba wa injin kaɗi na jiƙa wandon ma'aikaci shekara da shekaru har ya haifar masa da ciwon daji a maraina. Mai saƙa da baki take zuƙo zare ta ramin ƙoshiya, ƙoshiyar da wasu suka riga suka sa a nasu bakin. Hayaƙin kwal ya baƙanta bango ya baƙanta huhu, sai a 1956 aka yi dokar tsabtace iska, bayan hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a 1952. Ƙidayar 1951 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na iyalan Ingila da Wales ba su da ɗakin wanka. Baho ne na kwano a gaban murhu sau ɗaya a mako, ruwa ɗaya yara ke shiga bi da bi. Bangon nan kuma da ke kai wa maƙwabciya labarin tarin da kike yi da dare, shi ne ke kai mata ihun matar da miji ya dawo daga mashaya ranar albashi yana jibga, kuma al'adar layi ita ce ba a shiga tsakanin miji da mata. Yarinyar da ta yi ciki ba aure, idon nan da ke gadin layi shi ne zai hana ta sakat. Kusan duk nauyin zumuncin da ake yabo a wuyan mata yake, kuma ba wanda ya taɓa biyansu ladansa.

Akwai wata tambayar da ta shafe mu nan gida: auduga daga ina, yadi kuma zuwa ina? Har zuwa 1860 mafi yawan audugar Lankasha bayi ne suka nome ta a kudancin Amurka. Da yaƙin basasar Amurka ya tsinke ta daga 1861, masaƙu suka tsaya, yunwa ta shiga layuka. Duk da haka wani taron ma'aikata a Mancesta a ƙarshen 1862 ya aika wa Shugaba Lincoln goyon baya kan 'yanta bayi, kuma wannan abin a yaba musu ne. Masu masaƙu su darasin da suka ɗauka daban ne: a nemi auduga a ƙasashen da aka mallaka. A 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, BCGA, a Mancesta, ƙasar Hausa kuma na cikin wuraren da ta fi ƙwallafa wa rai. Matsin lambar 'yan audugar na cikin dalilan da suka sa aka ja layin dogo har Kano a 1911. Manoman Kano dai suka yi nasu lissafin suka ga gyaɗa ta fi riba, amma injinan gurzar auduga sun kafu a Zariya da Funtua, akoko da alawayyo na Mancesta kuma suka shigo kasuwanninmu suna gogayya da saƙinmu na gida. Albashin da ya riƙe layin Oldham a kan kasuwar wasu ya dogara, Indiya a kan gaba. Shi ya sa da Indiyawa suka ƙaurace wa yadin Ingila, Gandhi da kansa ya je garin Darwen a 1931 ya haɗu da masu saƙar da suka rasa aiki.

Daga nan gangara ce. Indiya da Japan suka iya yin yadi da araha, masu masaƙun Lankasha kuma suka ci gaba da tatsar injinan da suka gada. A 1959 gwamnati ta yi doka tana biyan kamfanoni don su farfasa injinansu. Masaƙar Elk da ke Royton, kusa da Oldham, na cikin na ƙarshe da aka gina a shekarun 1920, da ta rufe a 1998 kuma kaɗin auduga ya ƙare a yankin. Wannan shi ne abu na farko da aka ɗauke wa layi: aikin da mutum zai taka da ƙafa ya je, ya tarar da maƙwabcinsa a can. Wanda ya san Kakuri a Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani ba. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, da ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Lankasha aka kafa ta, David Whitehead na garin Rawtenstall. Wasu masaƙun suka biyo baya, unguwa ta cika da ma'aikata daga ko'ina a ƙasar, da masu abinci, da masu gidajen haya, da masu ba da kaya bashi zuwa ƙarshen wata. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kai wa Kakuri katafila, gidajen na nan, amma a tambayi wanda ya zauna can lokacin da jiniya ke kira sau uku a yini ko unguwar da ya sani ce.

Abu na biyu shi ne rusau, kuma a nan ina tare da tsofaffin ɗari bisa ɗari. Daga 1955 zuwa 1985 an rushe gidaje kusan miliyan ɗaya da rabi a Ingila da Wales da sunan kawar da unguwannin ƙazanta, mutum fiye da miliyan uku suka tashi. Niyyar ba mugunta ba ce. Da yawa daga cikin kansilolin da suka sa hannu 'yan jam'iyyar Leba ne da suka taso a irin waɗannan layuka, sun san ɗoyin masai na tarayya. Kuma a faɗi gaskiya, iyalai masu yawa sun yi murna ranar da suka ga famfon ruwan zafi da banɗaki a cikin gida, wasunsu ba su taɓa waiwayar tsohon layin ba. Matsalar tana ga yadda aka yi abin. Jami'in lafiya ya zagaya, a ja layi a taswira, duk abin da ya faɗa ciki ya tafi, ruɓaɓɓe da mai ƙwari. Wanda ya yi shekara da shekaru yana biyan bashi har ya mallaki gidansa, in aka ce gidan bai dace da zaman ɗan Adam ba, sau da yawa kuɗin fili kaɗai ake ba shi. Mai kantin kan kwana da ke ba layi bashi zuwa ranar albashi ya rasa kanti da abokan ciniki rana ɗaya. Sababbin gidaje kuma da jerin suna ake rabawa, ba a kwashe layi a kai shi wuri guda: uwa ta faɗa Hattersley, 'yarta ta faɗa Langley, can bayan gari, sai an hau bas biyu kafin a gaisa. Masu tsara birni sun ƙirga ɗakuna da tagogi da bututun ruwa daidai, amma ba wanda ya sa a takarda cewa wata tsohuwa a tsakiyar layi ce ke riƙe yaran gidaje biyar iyayensu su je aiki.

Da a ce abin da aka gina ya yi ƙarko, da da sauƙi. A Hulme, cikin Mancesta, an share layuka aka gina wasu manyan benaye huɗu masu lanƙwasa, aka kammala su a 1972, har aka raɗa musu sunayen mashahuran masu zanen gini. Ba a je ko'ina ba ruwa ya fara yoyo, kyankyasai da ɓeraye suka mamaye, kuɗin ɗumama ɗaki ya gagari mazauna. A 1974 wani yaro ya faɗo daga baranda ya mutu, aka fara kwashe masu iyali. Farkon shekarun 1990 aka rushe su, ba su fi shekara ashirin da 'yan kai ba, alhali gidajen da aka share don a gina su sun kusa shekara ɗari kafin a taɓa su. A Landan kuma, a 1968, fashewar iskar gas a wani bene mai hawa 22, Ronan Point, ta zubar da kusurwar ginin gaba ɗaya, mutum huɗu suka mutu. Shekara guda bayan haka dokar gidaje ta 1969 ta faɗaɗa tallafin da ake bayarwa a gyara tsohon gida, a sa masa banɗaki da wurin wanka. Ashe abin mai yiwuwa ne tun farko.

Kai ka ce an ɗauki darasi. A 2002 gwamnatin Leba ta sake fito da wani shiri na farfaɗo da kasuwar gidaje a arewa da tsakiyar Ingila, da hujjar cewa gidajen jere sun tsufa, ba mai so. Aka sake kwashe mutane, aka toshe tagogi da kwano, sai a 2011 aka soke shirin a tsakiyar aiki, layuka suka zauna kango. A Libaful, layukan da ake kira Welsh Streets sun yi shekaru a haka, har gwamnati ta hana rushe su a 2015, daga baya aka gyara su mutane suka koma. Ba zan ɓoye ba, a can ma akwai mazauna da suka gaji da laima da sanyi, su rusau ɗin suke so a ba su sabon gida, kuma ra'ayinsu ra'ayi ne. Abin da nake ƙi shi ne a yanke hukunci a ofis, sannan a zo a kira taro a ce ana jin ta bakin jama'a.

Labarin da ya fi jan hankalina shi ne na unguwar Whitefield a garin Nelson. Ƙaramar hukuma ta so rushe jerin gidaje a can farkon shekarun 2000. Waɗanda suka tsaya kai da fata suka ce ba su tashi, yawancinsu 'yan asalin Pakistan ne. Suka sami goyon bayan hukumar adana kayan tarihi ta Ingila, aka zauna binciken jama'a, a 2003 gwamnati ta ƙi amincewa da ƙwace gidajen. Nan ne maganar masu cewa baƙi sun kashe layi take rushewa. Mutanen nan masaƙu ne suka nemo su daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960, lokacin da aka koma aiki dare da rana, doka kuma ta hana mata aikin dare, mazan gari da dama sun sami abin da ya fi. Da yawansu daga Mirpur suka zo, yankin da madatsar ruwa ta Mangla ta tashi ƙauyuka, wasu kuma daga Sylhet ta Bangaladesh. Suka karɓi aikin da ake gudu a masana'antar da ke mutuwa, suka yi adashi suka sayi gidajen da ake gudu. Masallatansu na farko a irin waɗannan gidaje aka buɗe su. In yau kana neman layin da kaka ke ƙofa uku da jikokinta, mai kanti ya san kowa da suna, in an yi rasuwa gida ya cika kafin a kira kowa, to ka je Glodwick a Oldham ko Whitefield ɗin nan. Rayuwar da ake wa kuka tana nan da ranta, wasu ne suka gaje ta.

Ba ina cewa komai lafiya ba ne. Tarzomar da aka yi a Oldham da Burnley da Bradford a 2001 ta nuna yadda talakawa biyu za su zauna gari ɗaya, titi ɗaya ya raba su, ba mai shiga harkar wani. Amma a lura, wurin da yake haɗa su a da, ko ba sa so, shi ne masaƙa. Wanda ya ce baƙo ne ya ɗauke masa unguwa, ya duba shekarun: an fara rufe masaƙu, an fara ja wa layuka layi a taswira, tun baƙon bai gama kwance kayansa ba.

Yau abin da ke cin layukan ba ya zuwa da ƙara. A Burnley da ire-irenta gidan jere na cikin mafi araha a duk Ingila, kuma arahar ce ta zama masifa. Ana gwanjonsu, mai kuɗi daga Landan ko wani wuri ya saya ta intanet bai taɓa taka layin ba, ya shafa fenti a kan laima ya zuba 'yan haya. Rufi ya yi yoyo ba a gyara ba, ɗan haya ya tashi bayan shekara, wani ya shigo, shi ma ya tashi. Maƙwabcin da bai shekara biyu a wuri ba, yaushe zai san wa ke kwance ba lafiya? Sakacin mai gida kuma bai tsaya ga tsofaffin gine-gine ba: a 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, ɗan wasu 'yan asalin Sudan, ya mutu a Rochdale saboda funfunar da ta mamaye ɗakinsu, a gidan bene na zamani, cikin garin da aka buɗe kantin nan na 1844. Dokar gidaje ta 2004 ta ba ƙananan hukumomi ikon tilasta wa masu gidan haya yankar lasisi a unguwannin da abin ya yi tsanani, a riƙa duba gidajensu, Burnley kuma na cikin masu amfani da wannan iko a wasu unguwanninta. Masu gidaje na ƙorafin kuɗin lasisi, ƙananan hukumomi na ƙorafin ƙarancin ma'aikatan da za su zagaya. Da ni ne ɗan siyasar da ke yawo da tsofaffin hotunan layi lokacin kamfe, da a nan zan fara, in nemo kuɗin ɗaukar masu duba rufi da bango.